KWAƊAYIN MAI CIKI: ABIN CIKI NE KE SO, KO SABO NE?

A wannan karo za mu tattauna ne a kan kwaɗayi, abin da da wuya ranar awo ta wuce ba a kawo mini kukansa ba. Likita zai ce wa mace ta rage zaƙi ko gishiri, ta amsa da zuciya ɗaya, ta kwana biyu tana kiyayewa, a rana ta uku komai ya rushe. In ta dawo awo sai ta sunkuyar da kai tana jin kunya, kamar wadda aka kama da laifi. Ni kuwa shekarun da na yi ina aikin jinya da ungozoma sun nuna mini cewa yawancin matan nan ba rashin jin magana ke damunsu ba. Akwai abin da jikinsu ya koya, kuma ba wanda ya taɓa yi musu bayaninsa.

LABARIN WATA BAIWAR ALLAH

Bari in fara da wata baiwar Allah daga Sabon Garin Jega, wadda ba zan faɗi sunanta ba. Cikinta na biyar ne. A haihuwarta ta baya ɗan ya haura kilo 4, ta sha wuya ƙwarai kafin kafaɗunsa su fito. Wannan karon da cikin ya shiga wata na bakwai aka yi mata gwajin suga, aka ga ya hau. Likita ya tsara mata abinci, ta tafi gida. Bayan mako biyu ta dawo, suga yana nan inda yake.

Na ja ta gefe na ce, "Hajiya, ki gaya mini gaskiya, me kike ci?"

Ta ce, "Malama, wallahi da safe ba ni da matsala. Da rana ma haka. Amma da an yi la'asar sai in ji kamar ana jana da igiya. In ban ci masa da suga na kora da lemo mai sanyi ba, ba ni da sukuni. Inna ta ce a bar ni, abin cikin ne ke so."

Na ce, "To shi abin cikin agogo gare shi, da ba ya so sai la'asar?"

Ta yi dariya, ni ma na yi. Da muka bi diddigi sai ga yadda abin yake. Kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida ta kunna rediyo. A daidai lokacin wata 'yar talla ke shigowa da masa mai zafi. Shekara da shekaru haka take yi, tun kafin wannan ciki. Da dare kuma maigida ba ya shigowa hannu rabbana, sai da ledar tsire da lemun kwalba. Wato la'asar, da tabarma, da muryar 'yar talla, da ƙarar babur ɗin maigida, duk sun zama masu kiran abinci a jikinta.

YADDA JIKI KE KOYON KWAƊAYI

Fiye da shekara ɗari da suka wuce an yi wani masani a ƙasar Rasha mai suna Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci. Yana auna yawun karnuka ne idan an ba su abinci, sai ya lura da wani abu: tun kafin abincin ya iso, da karnukan sun ga mai kawo shi ko sun ji takunsa, yawu ya fara zuba. Sai ya riƙa yin wani sauti kafin a ba su abinci. Bayan an maimaita sau da yawa, sautin kaɗai ya isa ya sa yawu ya zubo ko babu abinci a wurin.

Mu ma jikinmu da wannan ƙa'ida yake aiki. Duk abin da ya saba zuwa gab da cin abinci, ko ƙamshi ne, ko wuri, ko lokaci, ko wani mutum, ko ma halin da zuciya ke ciki, ƙwaƙwalwa takan ɗaure shi da abincin. Irin wannan shi za mu riƙa kira "alama" a wannan rubutu. Da alamar ta bayyana sai jiki ya fara shiri: baki ya kawo yawu, ciki ya fara fitar da ruwan narkar da abinci, hankali ya tattara a kan abu ɗaya. Wannan shiri da jiki ke yi shi ne muke ji a matsayin kwaɗayi. Akwai ma wani sinadari mai suna girelin da ciki ke fitarwa, mai sa jin yunwa. An gano cewa yakan ƙaru a jini idan lokacin da mutum ya saba cin abinci ya matso.

Ba sai mun je Rasha ba, kowa a cikinmu ya ga wannan a watan azumi. A kwanakin farko, da rana ta take sai ciki ya dinga kuka, domin lokacin abincin rana ne. Bayan 'yan kwanaki mutane da yawa sukan ce yunwar rana ta yi sauƙi. Amma da magariba ta kusa, aka fara jera kwanuka, ƙamshin ƙosai ya tashi, sai yawu ya cika baki. Cikin kwana kaɗan jiki ya koyi sabon lokaci. Bayan Sallah kuma ya sake komawa na da. (Wannan misali ne kawai. Mai ciki, musamman mai suga ko hawan jini, ta nemi shawarar likita kafin ta ɗauki azumi.)

CI BA DON YUNWA BA

Wata za ta ce, ai in mutum ya ƙoshi shi ke nan. Ba haka abin yake ba. A 1983 wani masani a ƙasar Kanada, Harvey Weingarten, ya saba wa ɓeraye da wani sauti da haske kafin a ba su abinci. Daga baya, ko sun ƙoshi, da an yi sautin sai su koma su ci. A 1989 wata masaniya a Amurka, Leann Birch, da abokan aikinta sun ga irin haka ga ƙananan yara: an saba ba su kayan ƙwalama a wani wuri tare da kiɗa da fitila, sai ya zama ko cikinsu a cike yake, in an kawo waɗannan alamu sukan fi saurin kai hannu ga abinci.

A 2016 kuma wasu masana biyu a Jami'ar Yale ta Amurka, Rebecca Boswell da Hedy Kober, sun tattara sakamakon bincike 45 da aka yi a kan mutane fiye da 3,000. Sun gano cewa waɗanda alamun abinci suka fi motsa wa rai sun fi yawan ci, kuma sun fi ƙara nauyi daga baya. Wani abin lura shi ne hoton abinci ko bidiyonsa yana motsa mutum kusan kamar ganin abincin a gabansa. Saboda haka ke da kike kwance kina kallon masu girke-girke a waya, ki sani cikinki ma yana kallo.

Ki duba garinmu. Jega mahaɗar hanyoyi ce, ta Sakkwato zuwa Yawuri da ta Birnin Kebbi, ga kasuwa mai tara jama'a. Daga bakin tasha zuwa cikin Sabon Gari sai kin wuce mai tsire, mai shayi, mai soya kifi, da firij cike da lemo. Wadda ta taso daga Aliero ko Maiyama don awo ko cin kasuwa, tun kafin mota ta tsaya 'yan talla sun kewaye tagogi. In kin saba sayen wani abu duk zuwa, to tsayawar motar kanta ta zama alama.

TO INA BATUN ABIN CIKI?

Ba na musun cewa ciki yana canja mace. Sinadaran jiki sukan canja, hanci ya ƙara jin wari da ƙamshi, laulayi ya sa abin da kike so a da ya fita ranki, wani kuma ya shiga. Wannan gaskiya ne, kuma mata da yawa a ko'ina cikin duniya suna jin kwaɗayi a lokacin ciki. Sai dai abin da ake kwaɗayin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka an fi ambaton cakulan, a Japan shinkafa na cikin abin da mata suka fi kwaɗayi. A nan wajenmu kuwa sai ki ji ana neman tsire, ko ɗanwake mai yaji, ko mangwaro ɗanye, ko kwaɗon zogale. Kowace mace abin da ta sani ta saba da shi take nema. Da ɗan da ke ciki ne ke zaɓa bisa abin da jikinsa ke buƙata, da mun ga mata suna kuka a kan wake da alayyafo da hanta, masu ƙara jini, fiye da alewa da lemo.

Ɗan da ke ciki ta mabiyiya yake samun abincinsa daga jininki. Ba zai cutu ba don kin hana bakinki lemo. Abin da zai cutar da shi shi ne suga mai yawa a jininki: yakan sa ya yi girman da ya wuce kima, haihuwa ta yi wuya har a kai ga tiyata, bayan an haife shi kuma sugan jininsa ya faɗi.

Akwai kwaɗayi guda da ba na so ki ɓoye mana: cin farar ƙasa, ko ƙasar bango, ko gawayi, ko yawan tauna ƙanƙara. Irin wannan sau da yawa yana tafiya tare da ƙarancin jini. Ƙasar kuma tana iya ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki ko gubar dalma, tana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, tana kuma sa bayan gida ya yi tauri. Ba abin kunya ba ne. Ki faɗa a wurin awo a duba jininki.

ME YA SA TSARIN ABINCI KE RUSHEWA?

Abin farin ciki shi ne, abin da jiki ya koya ana iya koya masa wani a kansa. Pavlov ya ga cewa idan aka yi ta yin sautin ba a kawo abinci ba, yawun yakan ragu har ya daina. Haka in la'asar ta yi ta zuwa tana wucewa ba masa ba lemo, kiran da take yi wa jiki yakan yi rauni. Kwanakin farko ne masu wuya.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Wani masani a Jami'ar Vermont ta Amurka, Mark Bouton, ya daɗe yana bincike a kan wannan, ya kuma nuna cewa tsohon sabo ba ya gogewa. Sabon darasi yakan hau kansa ne ya danne shi, kamar yadda ake shafa sabon fenti a kan tsoho. Shi ya sa tsohon kan iya dawowa ta hanyoyi uku:

Na ɗaya, canjin wuri. Kin saba da haƙuri a ɗakinki, amma da kin je gidanku, ko gidan biki, ko gidan suna, sai kwaɗayin ya taso sabo fil. Mun sha ganin mace ta kwanta a asibiti sugarta ya daidaita, ta koma gida ya sake hawa, domin duk alamun suna can gida suna jiranta.

Na biyu, wucewar lokaci. Bayan makonni kina ganin kin rabu da shi, wata rana haka kawai ya dawo.

Na uku, ɗanɗanawa. Kin daɗe ba ki sha ba, aka ba ki kurɓi ɗaya, washegari la'asar ta sake yin ƙarfi.

Akwai kuma wani tarko. Masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, inda Farfesa Anita Jansen ta daɗe tana nazarin wannan fanni, sun nuna cewa idan alama wani lokaci tana kawo abinci wani lokaci ba ta kawowa, jiki ya fi daɗewa yana sa rai. Ki kwatanta da yaron da ke kuka don alewa. In kullum aka hana shi a wannan lokaci, zai haƙura. In yau an hana, gobe ya yi kuka mai tsanani an ba shi, to an koya masa cewa naci yana biya. Tsarin "yau na kiyaye, gobe na saki" shi ya fi wahalar da mace.

Saboda haka idan kwaɗayi ya dawo, kada ki ce kin kasa. Haka jikin kowa yake. Wadda ta san zai dawo takan shirya masa.

GARGAƊI KAFIN MU CI GABA

Lokacin ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne. Kada ki zauna da yunwa, kada ki sha shayin rage tumbi ko wani haɗi da ake talla. Dole ne nauyin mai ciki ya ƙaru. Bisa ƙa'idar da masana a Amurka suka fitar a 2009, wadda ake amfani da ita a ƙasashe da dama, mai matsakaicin jiki za ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon cikin, siririya kilo 12.5 zuwa 18, mai jiki kilo 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai kilo 5 zuwa 9. A wurin awo za a gaya miki rukunin da kike. A yankinmu ma mata masu ƙarancin jini da rama suna da yawa, kuma su ƙarin abinci mai gina jiki suke buƙata.

Haka kuma maganar "ci na mutum biyu" ba ta nufin kwano biyu. A watanni ukun farko jiki ba ya buƙatar wani ƙari na a-zo-a-gani. A na tsakiya ƙarin kamar kalori 340 ne a rana, a na ƙarshe kamar 450. Kofi ɗaya na nono mai tsabta, da dafaffen ƙwai ɗaya, da ayaba ɗaya sun kusa cike na tsakiyar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci, wato kamar ƙaramin cokali 12 a rana ga babba, in an rage zuwa rabin haka ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗaukar kusan cokali 9, babbar roba kuwa takan haura 12. Ki haɗa da na shayi, da na koko, da na zoɓo, da na fura. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma dunƙulen magi da kanwa duk suna cikin lissafi. Wadda aka tabbatar tana da suga ko hawan jini, abin da likitanta ya tsara mata shi ne gaba.

MATAKAN DA ZA KI BI

1. Ki gano alamunki. Kwana uku ki lura: duk lokacin da kwaɗayi ya taso, wane lokaci ne, ina kike, da wa kike, me kika gani ko kika shaƙa, yaya zuciyarki take? Ki rubuta, ko ki sa wani ya rubuta miki. Za ki ga abu biyu ko uku ne ke ta maimaituwa.

2. Ki bambance yunwa da kwaɗayi. Yunwa a hankali take zuwa, kuma ko tuwon jiya aka ɗumama za ki ci. Kwaɗayi farat ɗaya yake zuwa, abu guda yake nema. Ki tambayi kanki: "Da hoce ko wake aka ajiye mini yanzu, zan ci?" In e ne, yunwa ce, ki ci abinci.

3. Ki tsayar da lokaci da wurin cin abinci. Sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani. Ki zauna wuri ɗaya, ki zuba a kwano, ki ajiye waya. In kina ci a kan gado, da gaban talabijin, da bakin murhu, kowanne zai zama mai kiranki. Kada ki tsallake karin kumallo, domin mai jin yunwa alama ta fi saurin kayar da ita.

4. Alamar da za ta kawu, ki kawar da ita. Kada a ajiye katan ɗin lemo a ɗaki. Gwangwanin suga ya bar gaban ido. Ki ci abinci kafin ki fita kasuwa ko awo, ki riƙe ruwa da 'yar gyaɗa a jaka.

5. Alamar da ba ta kawuwa, ki ba ta sabon aiki. La'asar ba za ta daina zuwa ba. Ki yanke tun da safe: "In an yi la'asar, zan sha ruwa, in ci gwaiba ko kokwamba ko dafaffen ƙwai, in zagaya tsakar gida." Yanke shawara tun kafin lokaci ya fi sauƙi a kan yin kokawa da rai bayan ƙamshi ya riga ya shiga hanci.

6. Ki jinkirta. Kwaɗayi yakan taso, ya yi ƙarfi, ya sauka da kansa. Ki ba shi minti 10 zuwa 15, ki tashi daga wurin, ki kama wani aiki. Duk ranar da ya zo ya wuce ba ki biye masa ba, kin rage masa ƙarfi.

7. Abin da kike so, ki ba shi gurbi. In likita bai hana ba, ki sa masa rana da kima, ki ci bayan abinci, a wurin cin abinci. Kada ki ci shi a daidai lokacin da yake fizgarki, ko don ɓacin rai.

8. Ki shirya wa biki da suna. Ki ci abinci a gida kafin ki fita. Ki san abin da za ki ce in an miƙo miki lemo: "Na gode, likita ya hana, a ba ni ruwa."

9. Ki kula da barci da damuwa. Rashin barci yana ƙara son zaƙi da maiƙo. In kin lura duk ranar da ranki ya ɓaci sai kin nemi abin taunawa, to ɓacin ran ne alamar. Ki sami wadda kika yarda da ita ku yi magana, ko ki gaya mana.

10. In kin zame, ki tashi. Wani bincike da aka yi a Landan, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu ƙasa da haka sosai, wasu fiye. Ya kuma nuna cewa kuskuren rana ɗaya ba ya rushe aikin. Kada ki ce tunda na ɓata yau bari in ƙarasa. Abinci na gaba ki koma kan tsari. Sannu ba ta hana zuwa.

GA MAIGIDA DA IYAYE

Malam, yawancin alamun nan a hannunka suke, domin kai ke cefane, kai ke tsaraba. Mun san ƙauna ce ke sa ka shigo da leda, kuma ba mu ce ka daina ba. Abin da ke cikin ledar za ka canja: kifi, ƙwai, lemun zaƙi, kankana, gwanda, gyaɗa. Kada ka zauna gabanta kana shan abin da aka hana ta. In da hali ka rako ta awo ko sau ɗaya ne, ka ji bayani da kunnenka.

Iyayenmu mata, mun san kun haifa kun goya, kun riga mu sanin ciki. Sai dai a zamaninku babu lemun roba a kowane lungu, kuma daka da surfe da ɗiban ruwa suna ƙone abin da aka ci. In an ce 'yarku ko surukarku tana da suga, ku taya ta. Kalmarku ɗaya a gida ta fi tamu goma a asibiti. Abokan zama da 'yan'uwa kuma a daina yi mata dariya ko tayin "ɗan kaɗan ba ya komai". Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

YADDA TA KAYA

Mu koma ga baiwar Allah ta Sabon Gari. A zuwa na gaba ta zo da maigidanta, muka zauna mu uku. Ta mayar da tabarmarta wani gefe, ta roƙi 'yar tallar ta daina shigowa da la'asar, ta sa masa ta zama ta karin safe ranar Juma'a, guda biyu da miya ba suga. Maigida ya koma kawo kifi da 'ya'yan itace. Bayan abincin dare takan ɗan zagaya tsakar gida, abin da ke taimakawa wajen sauke suga. Ta ce makon farko kamar ta yi kuka. A na uku sai la'asar ta wuce ba ta tuna ba.

Ta zame sau ɗaya, a wani biki da ta je Maiyama, ta sha lemo kwalba biyu, kwana biyu kwaɗayin yana damunta. Amma wannan karon ta san abin da ke faruwa, ba ta fid da rai ba. Sugarta ya sauka, likita ya ci gaba da bibiya, Allah ya sauke ta lafiya, ɗan bai kai kilo 4 ba. Ba kowace mace ce gyaran abinci kaɗai ke isar ta ba. Wasu sai an haɗa da magani ko allurar insulin, kuma wannan ba gazawa ba ce.

Wani abu na ƙarshe: ɗanki ma ya fara koyo tun yana ciki. A 2001 wata masaniya a Amurka, Julie Mennella, ta nuna cewa jariran da iyayensu suka sha ruwan karas a ƙarshen ciki ko lokacin shayarwa sun fi karɓar abinci mai ɗanɗanon karas da aka fara ba su abinci. Ɗanɗanon abin da kike ci yana ratsawa cikin ruwan da ɗan ke kwance a ciki da kuma nono. Zogale da kifi da wake da kike ci yau, kina saba masa da su ne.

Ki riƙa zuwa awo a kan lokaci. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ki sha maganin ƙarin jini kullum. Gwajin suga an fi yin sa tsakanin mako na 24 da na 28, kuma wadda aka samu da shi a sake gwada ta makonni 6 zuwa 12 bayan haihuwa. In kin ji ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannaye, ko aman da ba ya tsayawa, ko ƙishirwa da fitsari fiye da kima, ko motsin ɗa ya ragu, kada ki jira ranar awo, ki zo asibiti nan take.

In za ki zo awo na gaba, ki taho da abin da kika lura da shi na kwana ukun nan, mu duba tare. Allah ya raba lafiya, ya ba mu 'ya'ya masu albarka, amin.